Numb: Waƙar Wanda Ya Gaji da Zama Wani

Ku ba ni fili, jama'a, yau yabo na zo yi, kuma ba zan sassauta murya ba. A cikin duk waƙoƙin rok da suka taɓa shiga kunnena, babu wadda ta kama ƙafar Numb ta ƙungiyar Linkin Park. Tsawonta minti 3 ne da 'yan daƙiƙu kacal. A cikin wannan ɗan taƙaitaccen lokacin aka zuba gajiyar matashi, da tsoron babba, da fushin da aka yi shekara da shekaru ana haɗiyewa, sannan aka kai ga wani irin sulhu da ban taɓa jin wata waƙa ta yi shi da irin wannan tsabta ba. Ta haura shekara 20 a duniya, amma har gobe in na kunna ta sai tsigar jikina ta tashi.

An kafa ƙungiyar a 1996 a garin Agoura Hills na jihar Kalifoniya ta Amurka, sai dai ba ta zama Linkin Park ɗin da muka sani ba sai da Chester Bennington ya baro Phoenix ta jihar Arizona ya shiga cikinsu a 1999. Kundinsu na farko, Hybrid Theory na shekarar 2000, ya girgiza duniya, don haka kowa ya zuba ido ya ga ko sa'a ce suka taka, ko kuwa da gaske gwanaye ne. Amsar ta zo ranar 25 ga Maris, 2003, da kundi na biyu mai suna Meteora, sunan da suka aro daga wani wuri a ƙasar Girka inda masu ibada na Kirista suka gina mazaunansu a ƙololuwar dogayen duwatsu. A makon farko kaɗai an sayi kwafi sama da 800,000 a Amurka, kundin ya haye matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard.

Waƙoƙi 13 ne a Meteora, kuma Numb ce auta. Wannan jerin ba a banza aka yi shi ba. Mai sauraro ya sha ihu a Faint, ya sha neman mafaka a Somewhere I Belong, ya sha kokawa da mugun sabo a Breaking the Habit. Sai aka ba shi Session a lamba ta 12, kiɗa zalla, ba baiti ba amshi, don ya numfasa. Daga nan sai waɗannan 'yan sautukan fiyanon lantarki su faɗo, masu sanyi, masu kaifi, ƙwaya-ƙwaya. Wanda ya san waƙar, kafin daƙiƙa biyu ya gane ta ko daga wayar wani ce a cikin kasuwa. Jitar Brad Delson da gangunan Rob Bourdon su afko da nauyinsu na ɗan lokaci, sai kuma su ja da baya su bar wa Chester fili. Kai! Wannan shigowar kaɗai ta isa a ba su lambar yabo.

To me yake cewa? Baitin farko koke ne na mutumin da aka auna wa rayuwa da ma'aunin wani. An zana masa hanya tun kafin ya iya tafiya, an ce ga inda zai bi, ga abin da zai zama. Ya yi ƙoƙari, wannan shi ne abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Mai maganar nan ba ɗan iska ba ne da ya ƙi jin magana tun farko. Ya bi, ya sake bi, har ƙarfinsa ya ƙare, kuma duk da haka bai taɓa ganin fuskar yarda ba. Kamar yaron da aka zumbula wa babbar rigar mahaifinsa ranar sallah aka ce ya yi tafiyar manya: yana taka bakin rigar yana tuntuɓe, ana yi masa faɗa wai bai iya tafiya ba, babu wanda ya tsaya ya ce ai rigar ce ba tasa ba.

Wani abin da ke burge ni matuƙa shi ne, daga farkon waƙar har ƙarshenta ba a faɗi da wa ake magana ba. Ba a ce uba ba, ba a ce uwa ba, ba a ce malami ko miji ko maigida ba. An bar gurbin a buɗe, kowa ya saka fuskar da ta addabe shi. Ɗalibin da aka tilasta wa karatun likita alhali zuciyarsa na wajen zane zai ga mahaifinsa. Matar da ta yi shekaru tana ƙoƙarin gamsar da dangin miji za ta ga nata mutanen. Akwai ma wanda in ya duba da kyau zai tarar babu kowa a gurbin sai shi kansa, wato wannan muryar ta cikin ƙirji da ke ce masa kullum bai isa ba, bai kai ba, ya ba da kunya. A ganina wannan na ƙarshen ne ya fi shan wuya, domin wanda azzaluminsa ke cikin zuciyarsa ba shi da garin da zai gudu.

Saurari yadda aka raba muryoyin. Mike Shinoda, wanda aka fi sani da gambara a sauran waƙoƙinsu, a nan bai yi baitin gambara ko ɗaya ba. Aikinsa kawai ya riƙa maimaita wata gajeriyar magana a ƙasa-ƙasa, da murya marar hawa da sauka, a kan mutumin da igiyar ruwa ke ja ta ƙarƙashi. Chester na sama yana kai ƙara, Mike na ƙasa yana nanata halin da ake ciki. Ni dai ban taɓa jin su a matsayin mutum biyu ba. Mutum ɗaya nake ji, da bakinsa da kuma zuciyarsa, ɗaya na magana da duniya, ɗayar na yi masa raɗa cewa nitsewa yake yi. Duk wanda ya taɓa yin murmushi a cikin taro alhali cikinsa na ƙuna ya san waɗannan muryoyin biyu. Ba da kalma kawai aka bayyana kokawar cikin rai a nan ba, da tsarin kiɗan kansa aka gina ta, kuma wannan shi ne aikin gwani.

Sai amshi ya fashe. Ana sa ran a waƙar rok irin wannan a ji zagi, ko barazana, ko alwashin ramuwa. Babu ko ɗaya. Abin da mai waƙar ya kawo ya fi fushi ban tsoro: zuciya ce ta daskare. An taɓa wurin ciwon, an sake taɓawa, har ya daina jin zafi, ya daina jin daɗi, ya daina jin ma akwai mutum a kusa da shi. Masu fama da ciwon damuwa sun san wannan matakin sarai, lokacin da kuka ma ya ƙi zuwa. Mutanen gida su ce ai ya yi hankali, ya daina gardama, alhali kuwa wani abu ne ya mutu a cikinsa.

Amma fa amshin bai tsaya a nan ba, kuma wannan ne ya raba Numb da dubban waƙoƙin kukan zuci. A cikin daskarewar nan ido ya buɗe. Gajiyar da ta kayar da shi ita ce ta sa ya fara ganin abin da ake yi masa, ya kuma fara ganin abin da yake so. Kuma buƙatarsa ƙarama ce ƙwarai. Bai nemi dukiya ba, bai nemi a ba shi haƙuri ba, bai ce a yarda shi ne mai gaskiya ba. A bar shi ya yi kama da kansa, shi ke nan. Wallahi duk lokacin da Chester ya kai wannan gaɓar, da wannan muryar tasa mai tsagewa a gefe-gefe amma ba ta karyewa, sai in ji kamar an ɗauke mini wani kaya daga kafaɗa.

Baiti na biyu ya juya fitila zuwa ga wanda ake yi wa magana. A nan muka fara gane cewa ba mugunta ce ke tuƙa shi ba, tsoro ne. Ya ƙanƙame yaron ne domin yana fargabar abu ya kuɓuce masa, kuma ƙanƙamewar ce ke hana yaron numfashi. Ginin da ya yi a ransa game da abin da yaron zai zama yana rushewa a kan idonsa. Waƙar ba ta yi masa dariya ba. Ta nuna shi yadda yake, mutum mai so wanda sonsa ya zama shaƙa.

Yanzu mu zo inda nake so mu daɗe, wato ɗan gajeren baitin da ke zuwa kafin amshin ƙarshe. Layuka ne 'yan kaɗan, ba su kai rabin minti ba, amma a wurina su ne waƙar gaba ɗaya, sauran duk shimfiɗa ce.

Abu biyu mai waƙar ya yi a wurin. Na farko, ya amince cewa hanyar da ya zaɓa wa kansa ba ta da tabbas, shi ma yana iya faɗuwa. Ku duba girman wannan! Da wani marubucin ne, da a nan zai sa jarumin ya bugi ƙirji ya ce za ku gani, sai na ba ku mamaki, sai kun zo kuna neman gafarata. Wannan alwashin daɗin ji ne da shi, amma wanda ke yin sa har yanzu a ɗaure yake, domin yana rayuwa ne don ya burge wanda ya raina shi. Mai waƙar Numb ya wuce nan. Ya karɓi kansa tare da yiwuwar gazawarsa. Bai ce sai na yi nasara sannan zan cancanci zama ni ba. Ya ce ko da faɗuwar ce, tawa ce, zan ɗauka. Ban san wata ma'anar yarda da kai da ta fi wannan gaskiya ba. Yawancin abin da ake sayar mana da sunan yarda da kai alfahari ne aka yi wa kwalliya: kai ne gwarzo, babu kamarka, ba za ka taɓa faɗuwa ba. Numb ba ta yi wa kowa wannan ƙaryar ba.

Abu na biyu shi ne wanda ke sa ni hawaye. Ya ɗaga kai ya dubi wanda ya matsa masa, sai ya hango yaron da ke cikinsa. Ya gane cewa wannan babban mai tsawa shi ma an taɓa tsayawa a kansa, shi ma akwai wanda ya dube shi da idon takaici, shi ma ya taɓa kwana yana jin bai isa ba. Ciwon gado ne, daga hannu zuwa hannu, kowa na miƙa wa na bayansa yana zaton tarbiyya yake bayarwa. A cikin numfashi ɗaya mai ƙara ya zama mai fahimta. Bai janye kokensa ba, bai ce abin da aka yi masa daidai ne ba, amma ya daina kallon ɗayan a matsayin dodo. Kuma ku lura da yadda biyun suka haɗu: sai da ya yafe wa kansa gazawa sannan ya iya ganin raunin wani. Wanda bai sasanta da kansa ba, da wuya ya ji tausayin wanda ya ɓata masa. Chester ya ja kalmar ƙarshe ta wannan baitin, ya riƙe ta, ya ƙara riƙewa har sai da ta kusa zama ihu, sannan amshi ya dawo. Kalmomin amshin ba su canza ba, amma mai rera su ya canza, kuma kunne na jin haka.

Na san akwai wanda zai ce, a gidajenmu da aka gina a kan biyayya ga iyaye, me ya haɗa mu da waƙar yaron da ke cewa ba ya son ya zama kamar na gaba da shi? Mu da muke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe? Tambaya ce mai nauyi, kuma ni ma ina girmama abin da ta tsaya a kai. Amsata ita ce a saurari waƙar har ƙarshe kafin a yanke mata hukunci. Babu ashar a cikinta ko ɗaya. Babu tsinuwa, babu raini, babu kiran a bar gida. Akwai ɗa da ke faɗin gaskiyar halin da yake ciki, sannan ya ƙare da jin tausayin wanda ya haife shi ko ya rene shi. Sau nawa muka ga yaron da bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba, amma ya yi shekaru ba ya iya zama da shi minti goma? Wannan shirun ake kira ladabi, alhali nisa ne. Ni a wurina wanda ya iya cewa Baba na gaji, kuma na san kai ma an gajiyar da kai, ya fi kusa da mahaifinsa. Zan so iyaye su ji wannan waƙar fiye ma da yadda zan so 'ya'ya su ji ta.

Ba a raba Numb da muryar da ta ɗauke ta. An haifi Chester ranar 20 ga Maris, 1976. Iyayensa sun rabu yana ɗan shekara 11, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa a hirarraki cewa an ci zarafinsa yana ƙarami, an tsangwame shi a makaranta, ya kuma faɗa shaye-shaye tun yana matashi. Bai ɓoye ba, bai yi wa kansa ado ba. Shi ya sa in ya rera maganar gajiya ba ka jin ɗan wasa a kan dandamali, kana jin wanda ya san wurin. A wancan lokacin shi da Mike suke haɗuwa su rubuta kalmomin waƙoƙin ƙungiyar, kuma sun iya zaɓen kalmomi masu sauƙi waɗanda ɗan sakandaren da bai gama ƙwarewa a Turanci ba zai fahimta. Wasu masu sharhi sun ɗauki wannan sauƙin a matsayin rauni. Ni kuwa ina ganin shi ne ƙarfin. Mutumin da ke nitsewa ba ya neman azanci, abin da zai kama yake nema. Ga shi kuma a nan Chester bai yi irin ƙarajin da ya yi a waƙarsu One Step Closer ba. Ya riƙe kansa, kuma riƙewar ta fi ƙarajin ratsa jiki.

Bidiyon ma abin kallo ne. Joe Hahn, mai juya faifan ƙungiyar, shi ya ba da umarni. An ɗauki labarin a birnin Prague na Jamhuriyar Czech, su kuma mawaƙan aka ɗauke su a cikin wata majami'a a Los Angeles. Briana Evigan ce ta fito a matsayin ɗaliba mai baiwar zane wadda babu mai ganinta. A aji an tsawata mata don tana zane, ta faɗi a matakala babu wanda ya miƙa mata hannu, ta je zama da 'yan mata a wurin cin abinci suka tashi suka bar ta, a gida kuma uwa na ta zazzaga mata faɗa. Hannunta na ɗauke da tabon raunin da ta yi wa kanta. Can sai ta shiga watsa fenti a kan allon zanenta da dukkan ƙarfinta, daga ƙarshe ta ruga cikin majami'ar kamar ta jiyo kiɗan, ta tarar babu kowa. Wannan ƙarshen na da ciwo, amma ina son sa, domin bai yi alkawarin cewa waƙa za ta gyara komai ba.

Duniya kuwa ta karɓa hannu bibbiyu. Numb ta yi mako 12 a saman jadawalin waƙoƙin rok na zamani na Billboard, ta kai lamba ta 11 a babban jadawalin Hot 100. A 2004 suka haɗa ta da Encore ta Jay-Z a kundin Collision Course, haɗin da ya ci Grammy a 2006, kuma ta wannan ƙofar ce masoya gambara da yawa suka fara sanin Linkin Park. Haɗin ya yi daɗi, ban musa ba, amma an bar wancan ɗan baitin na sulhu a waje, don haka ni asalin nake zaɓa kullum. A YouTube an kalli bidiyon sau biliyan 1 kafin ƙarshen 2018, daga baya ya tsallake biliyan 2.

Ranar 20 ga Yuli, 2017, Chester ya kashe kansa a gidansa da ke Kalifoniya yana da shekara 41, wata biyu bayan fitowar kundinsu One More Light, kuma wata biyu bayan mutuwar amininsa mawaƙi Chris Cornell. Ranar 27 ga Oktoba na wannan shekarar sauran 'yan ƙungiyar suka shirya taron tunawa da shi a dandalin Hollywood Bowl. Da aka zo kan Numb, ba su gayyato wani mawaƙi ya maye gurbinsa ba. Suka haska fitila a kan sandar makirufo da babu kowa a bayanta, suka buga kiɗan, dubban mutanen da ke wurin suka rera waƙar daga farko har ƙarshe. Na kalli wannan hoton, kuma ban san yadda mai zuciya zai kalle shi idonsa a bushe ba.

Sai dai ina roƙon masoya irina da abu ɗaya: kada mu mayar da Numb wasiyyar mutuwa. Shekara 14 ne tsakanin fitowarta da rasuwarsa, kuma abin da ke cikinta neman rayuwa ne, neman wuri a duniya inda mutum zai tsaya da ƙafarsa. Ciwon damuwa cuta ce mai buƙatar likita da mutanen da za su saurara, waƙa ba ta maye gurbin waɗannan. Abin da take iya yi shi ne ta ba mutum kalmomin da zai fara buɗe baki da su, kuma Numb ta yi wa miliyoyi wannan aikin.

Ƙungiyar ta dawo a watan Satumba na 2024 da sabuwar mawaƙiya, Emily Armstrong, suka saki kundin From Zero a Nuwamba, har masu kallon ƙwallo suka gan su a Munich kafin wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a 2025. Ina yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya. Amma kai mai karatu, in ba ka taɓa jin Numb ba, ko kuwa ka sha jin ta ba ka tsaya a kan kalmominta ba, nemi ta asali ta 2003 da muryar Chester. Sa iyafis, nemi wanda zai fassara maka in Turancin ya yi maka nauyi, kuma don Allah kada ka tsallake baitin nan na kafin amshin ƙarshe. In ka gama, ka tura wa ƙaninka ko ƙanwarka da ka ga sun yi shiru kwanan nan, sannan ka kira su ka tambaye su lafiya.